Banitsar Bankwana

Shekara ashirin da biyu Kyaftin Lyuben ya yi yana tuƙa ƙaramin jirgin kamfaninmu tsakanin Varna da Sofiya. Ni ce mai tsara jadawalin matuƙa, wato ni ce muguwar da ke kiransa aiki ranar hutunsa.

Shi ke horar da sababbi. Mutum zai zo ko sauke jirgi bai iya ba sai ya jijjiga fasinjoji, Lyuben ya dage a kansa har ya goge, yana sa masa hannu a littafin awoyin tashi. Da awoyin sun cika, sai manyan kamfanonin waje su yi wuf da shi. Shugabanninmu kuwa ba su da magana sai "a yi haƙuri". A al'adarmu, mai barin aiki shi ke kawo tiren banitsa ofis, wato gasasshiyar fulawa mai cuku a ciki. Lyuben ya ci na mutum goma sha ɗaya, daga nan ya daina ci.

Ranar Talata ya shigo ya tarar da tire a teburina, da zafinsa.

"Na waye kuma?"

"Na Nevena ne, Kyaftin."

Nevena ce mataimakiyarsa ta ƙarshe, jiya-jiya ya cike mata littafi.

"To da wa zan tashi gobe? Da ke?"

"An soke tashin gobe."

Ya daɗe yana kallon tiren. Baɗi shekaru za su sauke shi daga jirgi, ya yi ritaya. Ya gutsuri gefe, bai kai baki ba.

"'Yar nan, ranar da zan kawo tawa, wa zai rage ya ci?"