Husufi a Bangon Ɗakin Taro

Cikin duk kwanakin da na yi ina koyarwa, wadda ba ta taɓa fita raina ba ita ce Larabar ƙarshen watan Maris na 2006, ranar da rana ta yi husufi. Lokacin ina malamin labarin ƙasa a wata ƙaramar sakandaren jeka-ka-dawo a ƙasar Faskari. Ku da kuka shigo aikin nan daga baya kun ji ana ce mini Malam Bafaranshe, to ga inda sunan ya samo asali.

Akwai wani malami ɗan Faransa da ya rayu wajen shekara ɗari huɗu da suka wuce, wanda na ƙwallafa rai a kansa tun ina kwalejin horon malamai. Ɗan manoma ne daga wani ƙauye, ya yi karatu har ya zama limamin coci, yana kuma koyar da falsafa tun yana saurayi. Rigimarsa da malaman zamaninsa ɗaya ce: su sai su ce littafin magabata ya faɗa, shi kuma ya ce a je a duba da ido. Da aka yi lissafin cewa ƙaramar duniyar nan da ta fi kusa da rana za ta gifta ta gabanta, sai ya duhunta ɗakinsa, ya shigo da hasken rana ta madubin hangen nesa ya sauke shi a kan farar takarda, ya zauna yana jira har ya gan ta kamar ɗigo tana tafiya. Kafin shi ba wanda ya taɓa gani. Na maimaita wa ɗalibai labarin nan har suka gaji, suka laƙa mini sunan.

Da aka fara sanarwa a rediyo cewa kada kowa ya kalli rana ranar husufi, firinsifal ɗinmu, Alhaji Isa, ya ce a sallami yara su zauna a gida. Ni kuwa na san gidajen. Za a cika kwarya da ruwa a ajiye a tsakar gida a ce a kalla a ciki, alhali hasken da ruwa ke maidowa ma yana ƙona ido, kuma ba ɗan da za ka hana ɗaga kai ya yarda. Na roƙe shi a bar su su zo, in nuna musu abin a bango kamar yadda Bafaranshen ya yi.

Ya ce, "Malam Lawal, in idon ɗa guda ya samu matsala, kai za ka tahi Katsina ka yi bayani, ba ni ba."

Na ce na ɗauka.

Ba mu da madubin hangen nesa, amma akwai dabara mai sauƙi. Na cire madubin babur ɗina, na liƙe shi da takarda na bar 'yar kafa kamar ƙwayar gyaɗa. In aka tsaya da shi a fili aka harbo haske ta taga, rana za ta fito a bango a zagaye kamar faifai. Sharaɗin kawai ɗakin ya yi duhu. Na aro buhunan masara wajen wani ɗan kasuwa, muka wuni ranar Talata muna toshe tagogin ɗakin taro. Malam Sani, malamin addini, ya ce shi zai riƙe madubin. Na gaya masa cewa mataimakin Bafaranshen ya gaji da jira ya yi tafiyarsa ana tsakiyar aiki, sai da aka nemo shi. Ya ce in kwantar da hankalina, shi ba Bature ba ne.

Abin da ban lissafa ba shi ne Alhaji Isa ya gayyaci Maigari da dattawan gari. A makaranta kuwa duk wata hidimar baƙi tana hannun mataimakiyar firinsifal mai kula da gudanarwa, tamu ita ce Hajiya Binta, mace mai tsafta da ba ta wasa da mutuncin makaranta. Na iso da safe na tarar da tagogi a buɗe wayam, an share, an shimfiɗa darduma, an jera kujeru, ga kaskon turare yana ta hayaƙi. Buhunan kuwa ta ɗora su a amalanke an mayar wa mai su.

Na ce, "Hajiya, mi kika yi mini haka?"

Ta ce, "Kai Malam, Maigari za a sa cikin duhu da buhunan masara kamar rumbu? A ce ba mu da kunya?"

A wajenta dai gyara ta yi. Kasuwa da nisa, hasken gari ya riga ya fara canzawa, yara sun cika fili, kuma na hango wasu sun fara kare goshi da hannu suna satar kallon sama. Na daka musu tsawa na kora su ciki. Malam Sani ya harbo hasken, amma a bango ko alama babu.

Ana cikin haka Maigari ya iso da mutanensa. Ya ga ina zufa, ya tambaya. Na durƙusa na ce, "Ranka shi daɗe, duhu nike nema, ban da abin toshe taga. In yaran nan suka hita, sama za su kalla."

Ya dubi tagogin, ya dubi yaran. Sai kawai ya miƙe ya cire babbar rigarsa, shadda mai ruwan bula, ya miƙa wa dogarinsa ya ce a rataye. Ya juya ga dattawan ya ce, "To, ku mi kuke jira?" Nan fa aka shiga tuɓe riguna, wani yana dariya, wani yana ciro goro daga aljihu tukuna. Alhaji Isa ya ba da tasa. Hajiya Binta da kanta ta naɗe dardumar nan ta sa aka toshe babbar tagar baya da ita.

Ɗakin ya yi duhu, sai ga rana a bango, an gutsure mata gefe. Ina jin numfashin yara, ina jin wani tsoho yana tasbihi ƙasa-ƙasa. Muka zuba ido tana raguwa har ta koma kamar jinjirin wata. Maigari, daga shi sai 'yar shara, ya matso ya sa yatsa a bangon ya ce, "Ikon Allah. Ashe haka take yi." Ni dai farin ciki ya cika ni har na kasa bayanin da na shirya. Da hasken ya ɗauke gaba ɗaya, Malam Sani ya shigo ya ja mu sallar husufi a nan cikin ɗakin, ba wanda ya fita sai da gari ya washe.

Da aka buɗe ƙofa na ga idanun yara jawur suna hawaye. Alhaji Isa ya dube ni, na fara tunanin hanyar Katsina. Sai na lura idon Maigari ma haka yake, har da nawa. Turaren Hajiya ne da muka rufe kanmu da shi. Aka yi ta dariya, ita ta fi kowa. Washegari na bi aji-aji ina sa kowa ya karanta allo daga kujerar baya, kuma kowa ya karanta.

Abin da na koya a ranar, nake kuma gaya wa duk sabon malami, shi ne in za ka yi wani abu a makaranta, ka bayyana wa kowa dalilinsa, kada ka tsaya kan wanda zai sa maka hannu kaɗai. Da na zauna da Hajiya Binta na yi mata bayani, da ita za ta fi ni tsaron buhunan nan. Sannan kada ka raina mutanen garin da aka turo ka. In suka gane don 'ya'yansu kake yi, ba sai ka roƙa sau biyu ba. Yaran nan yau magidanta ne, wasu a Ƙanƙara, wasu a Sabuwa, kuma duk wanda na haɗu da shi a kasuwa, daga nesa yake hango ni da idonsa lafiya lau, ya taho yana murmushi.