Gatarin Baƙuwa

Ranar wata Laraba ce da la'asar, a ƙarshen daminar shekarar da na yi famfara, tun ba a san Bature a ƙasar Kano ba, aradu ta faɗa wa ɗorawar da ke iyakar gonarmu a gabas da Makoɗa. Ina bisa rumfar da muke korar tsuntsaye daga gero, ni da wata tsohuwar gidanmu da ake kira Baƙuwa. Haske ya wulga, ƙara ta biyo baya, na kife a cinyarta ina ihu. Da na ɗago sai na ga ɗorawa ta tsage biyu tana hayaƙi a cikin ruwa, na kuma ga abin da ban taɓa gani ba. Baƙuwa tana dariya hawaye na zuba, tana tafi, tana yi wa sama magana da wani yare.

Sunana Talle, kuma duk wanda ya ji sunan ya san uwata ta rasu ta bar ni a zanen goyo. Gidanmu na Maguzawa ne, babba, rumbuna a jere, tukwanen giya a bayan danga. Babana Nomau manomi ne mai zafin nama da ƙarancin magana. Da safe yara maza su kaɗa awaki, 'yan mata kowace ta bi uwarta surfe ko rijiya, da yamma su fita gaɗa an yi musu kitso. Ni da ba ni da uwar bi sai aka haɗa ni da Baƙuwa. Baiwa ce, an kamo ta tana budurwa a wani hari can kudu, bayan babban kogi, har ta faɗo hannun kakana. A gidanmu ta yi furfura, a kan tuwonmu haƙoranta suka zube, amma ba wanda ya ga dalilin sake mata suna. Ba ta haihu ba, kuma ba mai jin yarenta ko ɗaya a duk ƙasarmu.

A kan rumfar nan muke wuni, muna jan igiyar da aka rataya wa fasassun ƙorai, ina yi wa 'yar tsanata ta kara zane da ganye. Ni nake ba ta labarin namu, da iyayin yarinta: Uwargona mai albarkar hatsi, da Gajimare, macijin da ke fitowa daga suri ya shanye hadari. Ita kuma ta ba ni nasu. Da farko na ƙi saurare, na ce ba a tatsuniya da rana. Ta harare ni ta ce, "Tatsuniya ƙarya ce. Wannan sarkinmu ne." Wai wani sarki aka yi a garinsu, in ya yi fushi wuta ke fita daga bakinsa. Da mutanensa suka juya masa baya sai ya hau sama, daga can yake jifan maƙaryata da ɓarayi da gatarin dutse. Matarsa ce iskar da ke share masa hanya kafin hadari. Ta faɗa mini sunansa, ta sa na yi ta maimaitawa har ta ce na kusa.

Wani lokaci maƙwabcinmu Malam Bukar, Babarbare da iyayensa suka daɗe a nan, yakan tsaya shan inuwa. Ya ce mu bar shirme, tsawa mala'ika ne ke kora gizagizai da bulala. Amma da ya zauna sai shi ma ya ɓarke da labarin ƙattan mutanen farko na Barno, masu saɓa giwa a kafaɗa kamar ɗan akuya, masu kiran juna daga gari zuwa gari ba tare da sun tashi ba. Ni duk na yarda da su. A ganina sama tana da faɗi, za ta ɗauki kowa.

Labarin sarkin nan ne ya sa na gane murnar Baƙuwa ranar da aradu ta faɗi. A wurinta, bayan duk shekarun nan, wani ɗan garinsu ne ya biyo sawu ya same ta.

Washegari Baba ya kira maƙeri, domin a al'adarmu shi ke taɓa abin aradu. Aka tona gindin ɗorawa, sai ga dutse baƙi, sumul, mai baki kamar na gatari. Baƙuwa ta durƙusa a gaban Baba, abin da ba ta taɓa yi ba, ta roƙi a ba ta. A garinsu, in ji ta, ɗaki ake kai shi, a sa a akushi, a shafa masa manja, in mai shi ya mutu a kwantar da shi kusa da shi. Baba ya ce ba mai shigar masa da aradu gida rumbuna cike da sabon gero. Ya sa aka kawo ƙwaryar nono aka kwarara wa dutsen don ya huce, kamar yadda iyayenmu ke yi, aka mayar da shi rami aka binne. Su a ganinsu kyautatawa suka yi. Baƙuwa kuwa ta rufe fuska ta ce, "Ba ya shan nono. Kun ba baƙona abin da ba ya ci." Mata suka yi dariya, ni na ji kamar ni aka mara.

Daga nan kowa ya ƙaurace wa ɗorawar, har awaki ake kaɗawa su kewaye. Baƙuwa kaɗai ke zuwa, ni a bayanta. Manja ba a ganinsa a ƙauyenmu, sai ta riƙa lakato man kaɗanyar da take shafa wa faso, ta goga a ƙasa tana ba shi haƙuri. Ta daina ba ni labari, shi take ba, ni ina gefe ina tsintar abin da ban gane ba. Na yi kishin dutsen nan ƙwarai, don ita kaɗai gare ni.

Bayan an gama sussuka ta kwanta ciwo, ba ta tashi ba. Da na ga an ɗauki fartanya za a haƙa mata kabari a bayan gida, sai na tare Baba na ce a kai ta gindin ɗorawa kusa da gatarinta. Maza suka ce ba a taɓa binne mutum inda aradu ta faɗi ba. Baba ya dube ni ya ce, "Namu ne ba a kai wa can. Ita ai baƙuwa ce." Ya karɓi fartanya ya yi gaba. Na yi murna, na kuma yi kuka, har yau ban san wanne ya fi yawa ba.

Yanzu na tsufa, jirgin ƙasa ya zo Kano, mutanen kudu sun cika kasuwar Ɗanbatta, manja har a bakin hanya. 'Ya'yan gidanmu wasu sun yi salla, jikokina ba sa son labarin Gajimare, balle na sarkin wani gari. Wata rana na tsaya wurin wata mai sayar da manja da na ga tsagen fuskarta ya yi kama da na Baƙuwa, na faɗa mata sunan da aka koya mini. Ta sa na sake faɗa, ta girgiza kai, ta yi mini murmushin da ake yi wa tsofaffi. Ko harshena ne ya lanƙwasa shi, ko ba garinsu ɗaya ba, oho. Na dai ɗauki manjana na kai inda kututturen ɗorawar yake, na zuba. Sunan sarkinta na riƙe, ko da a karkace. Nata na yanka kuwa, a duk gidanmu ba wanda ya taɓa tambaya.