Littattafan Malam Sani da Ba Su Ɓata Ba

Har yau ban manta da ranar Larabar da Malam Sani ya aiko a kira mu gidansa na unguwar Aboabo a nan Kumasi ba. Ku sababbin ma'aikata da kuke jin ana ce mini Mai Almakashi kuna ƙunshe dariya, ku zauna ku ji asalin sunan daga bakina, kafin a ba ku shi da ƙari.

A lokacin watana biyar a kamfanin nan, saura wata ɗaya a tabbatar da ni ko a sallame ni. Ofishin ɗaki biyu ne kawai a Asokore Mampong, a saman shagon tayoyi. Aikina rubuta takardun bayani: injiniyoyi su ƙera manhaja, ni in rubuta yadda ake amfani da ita. Shugabanmu, kuma babban injiniya, shi ne Bra Issaka, mutumin kirki, amma in ka tambaye shi ƙarfe nawa sai ya faro maka daga wanda ya ƙirƙiro agogo.

Aikin da ya riƙe kamfanin shi ne ɗaukar hoton tsofaffin littattafan gidajen malamai, mu adana su a kwamfuta. Malam Sani ne ya fara yarda, sauran malamai suka zuba ido su ga yadda za a ƙare da shi. Littattafan kakansa ne, rabon gado kuma ya mayar da su na ƙanin Malam da ke Nijar, ranar Juma'a mota za ta tafi da su. Bayan nan, abin da muka ɗauka shi ne kaɗai zai rage a Kumasi.

Ga waɗanda ba injiniyoyi ba: kowane fayil a faifan kwamfuta yana da wani kati mai lamba, muna ce masa inod. Katin ne ya san girman fayil da inda yake kwance, amma ba ya ɗauke da suna. Sunaye a folda suke zaune, kowane suna yana nuna katinsa, kuma kati ɗaya yana iya samun suna biyu ko uku. Bra Issaka ya ƙera hanyar da manhaja za ta tambayi faifai ya jero mata katunan da ake amfani da su, kashi-kashi, har su ƙare. Ni aka ba rubuta bayanin wannan hanya.

Shafi uku ya miƙo mini, cike da "ka lura" da "kada ka manta". Ni kuwa a lokacin ji nake babu wanda ya kai ni iya taƙaitawa daga nan har Tamale. Na zauna na rage shi ya koma rabin shafi. Cikin abin da na zubar har da sakin layin da ya ce jerin na katuna ne, ba na sunaye ba. Na ce a raina, wa zai taɓa wannan takarda bai san haka ba? Na miƙa, har ina jiran yabo.

Wadda ta taɓa takardar ita ce Fati, 'yar Malam, mai koyar da kwamfuta a makarantarsa. Mahaifinta ya ce ta tabbatar masa komai ya cika kafin Juma'a. Ta bi takardata kamar yadda ake bin liman, ta rubuta 'yar manhaja, ta ƙirga abin da faifai ya jero, ta gwada da sunayen da ke cikin foldoji. Jerin ya gaza da arba'in da bakwai.

A cikin pragya, keken nan mai ƙafa uku, Bra Issaka bai ce uffan ba tun daga Asokore Mampong. Ban taɓa ganin haka ba. Da muka sauka ya ce, "Hajara, in Malam ya janye, sauran ma sun janye. In aikin nan ya tafi, ba ni da kujerar da zan ba ki."

Muka tarar da Malam a zaure, Fati a gefensa da kwamfuta a cinya. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da na fi samun sauƙi. Bayan gaisuwa ya ce, "Arba'in da bakwai. Ku nuna mini su kafin la'asar, ko in gaya wa 'yan'uwana malamai kowa ya rufe akwatinsa."

Bra Issaka ya gyara zama. "Allah gafarta Malam, tun zamanin da aka fara ƙera kwamfuta..."

Na runtse ido. Minti goma yana magana bai iso ƙarninmu ba. Malam ya fara kallon agogon bango.

Ana cikin haka maƙwabciyarsu, wata dattijuwa Ba'asantiya, ta leƙo. "Papa Kofi, famfo ya zo o! Ka ce ma mutanenka su kawo bokiti, yanzu-yanzu zai tafi kraa."

"Yoo, Maame, na gode," in ji Malam.

Ba ta gama fita ba sai muryar yayarsa Hajiya ta taso daga cikin gida: "Ɗanjuma! Kokonka yana hucewa, ni ba zan sake ɗumamawa ba!"

Malamin da manyan mutane ke durƙusa wa ya amsa da ƙaramar murya, "To, Yaya."

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Tsoro ne ya ba ni ƙarfin hali, ba ilimi ba. Na ce, "Allah gafarta Malam, mu mun ce Malam Sani, Maame ta ce Papa Kofi, Hajiya ta ce Ɗanjuma. In za a kawo kokon nan, kwano nawa za a kawo?"

Bra Issaka ya taka mini ƙafa. Malam ya dube ni ta saman tabarau.

"Ɗaya," ya ce. "Sai dai in Yaya ta ji tausayina."

Na tuna masa cewa shi da kansa ya ce wasu littattafan a sa su a foldar fiƙihu, a kuma sa su a foldar rubutun hannun kakansa, wasu ma har a ta karatun azumi. Ba mu kwafe su sau uku ba, suna muka ƙara musu. Na ce wa Fati ta duba, kowane kati yana faɗin sunaye nawa ke nuna shi. Ta haɗa lissafin muna zaune, babu mai motsi. Ta ɗago ta ce, "Baaba, ya cika cif."

Na sauke ajiyar zuciya, har na fara laluben takalmina.

"Wa ya rubuta takardar da Fati ta bi?" in ji Malam.

Fati ta ce, "Layi-layi na bi ta, Baaba. Babu wannan bayanin a ciki."

"Na rubuta shi," in ji Bra Issaka, karo na farko a rayuwarsa da ya taƙaita. "Shafi na biyu."

Duk suka juyo gare ni. Malam ya jawo wani littafi daga gafakarsa ya buɗe. Rubutun tsakiya layi bakwai ne, gefe kuwa ya cika maƙil da ƙananan bayanai, har wasu sun karkace sun hau sama.

"Kakana ya haddace littafin nan tun bai yi gemu ba," ya ce. "To don wa ya cika gefen nan, 'yata?"

Na ce, "Don wanda bai sani ba."

"Don wanda ba zai same shi ya tambaya ba. Kwana biyu ban yi barcin kirki ba saboda almakashinki."

Wannan maganar ta fi zagi yi mini ciwo, don ban taɓa kawo wa raina cewa rabin shafina zai hana dattijo barci ba. Bai bar mu mun tafi ba. Ya sa na zauna a tabarma na karanta takardar da ƙarfi, ina fassarawa, shi da bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba yana tsayar da ni: "Nan fa, in mutum bai sani ba?" Kafin la'asar ta koma shafi biyu. Da muka tashi ya ce wa Bra Issaka, "Gidan malamin da za ku je na gaba, ka tafi da Mai Almakashi. Yanzu ta san ciwon abin."

Littattafai suka tafi ranar Juma'a, ni kuma aka tabbatar da ni a ƙarshen wata. Abin da na koya shi ne, layin da ka ga kowa ya san shi, a kansa wani zai kwana bai runtsa ba. Ku rage surutu, amma kafin ku yanke, ku tuna da Fati, wadda za ta yarda da ku ɗari bisa ɗari.

Sunan kuwa ya bi ni har gida. A takardar aiki Hajara ce ni, a wurin mahaifiyata sunana Laraba, daga Aboabo zuwa Moshi Zango kuma Mai Almakashi. Duk wanda ya kira ina amsawa, kuma har yau kwano ɗaya ake kawo mini.