Launin Hular Babana

Mai saƙar ulu a Jidda sai ya shirya shan dariya. Shekara da shekaru ƙawayena suna tambayata wa zai sa, a garin da ko a watan sanyi fanka ba ta hutawa. Ni dai ina son abina, ban kuma nemi izinin kowa ba. Wadda na fi ƙauna ita ce saƙar zare biyu: launi ɗaya a hannun dama, ɗaya a hagu, wanda ba a bukata ya bi ta baya har a zo kansa. A haka zane yake fitowa, rigar kuma ta yi kauri.

Da babban ɗana ya samu aiki a Tabuk, inda ake sanyi na gaske, na ce madalla, yau tsinken saƙata ya samu ranarsa. Na ƙudura zan saƙa masa rigar sanyi da zanen hular babana. Bai taɓa ganin kakansa ba, bayan rasuwarsa aka haife shi. Hausar ma ji yake yi, in ya tashi amsawa sai Larabci ya riga fitowa. Ina so ya tafi da wani abu na mutumin nan a jikinsa, kuma ba na so in ba shi na ƙarya.

Hular tana wurin Inna, mahaifiyata, a tsohon gidanmu na unguwar Ammariyya. Kube ce, ɗinkin hannu, da ita Baba ya zo aikin hajji yana saurayi, bai kuma koma ba. Inna ba ta yarda hular ta fita daga ɗakinta, ko ni sai dai in gani a gabanta. Don haka kullum bayan la'asar nake tasowa daga gidana a unguwar Safa da littafin lissafi mai gida-gida, in zauna ina ƙirga ɗinkin, ina cike gidajen da fensir. Sati guda na yi kafin zanen ya kammala a takarda.

Zaɓen launi kuwa ban ɗauke shi aiki ba. Ga hula a gabana: ruwan toka, ruwan ƙasa, sai wani fari da ya dusashe. Haka kuma na san Baba, tela mai furfura, shiru-shiru, kullum a sunkuye kan kekensa. Na je shagon ulu a kasuwar Balad, na dinga fitowa da ƙullin zare bakin ƙofa, domin fitilar shago ba ta faɗin gaskiyar launi. Sai da mai shagon ya gaji da ni.

"Ya Hajja, halas, ya isa haka mana," in ji shi. "Toka ai toka ce."

Na saƙa ɗan gwaji kamar faɗin tafin hannu, na maƙala a labule, na ja da baya. Zanen ya ɓace. Launukan duk ƙarfinsu ɗaya, babu wanda ya fito a kan wani. Ɗana ya shigo ya tsaya yana kallo.

"Ummi, fen zanen?" ya ce, wai ina zanen. "Wannan ai na goge mota ne."

Na kore shi, amma maganar ta ƙona min rai, don gaskiya ya faɗa.

Washegari na kai wa Inna ɗan gwajin. Ta juya shi gaba da baya, ta tambaye ni na wane ne. Na ce launin hular Baba ne na bi. Ta yi dariya har da tari, sannan ta ce in miƙo mata reza.

Ta kifa hular a cinyarta. Ashe ta baya akwai wani ɗinki a ciki wanda ban taɓa kula da shi ba.

"Ta yi masa yawa," ta ce. "Ni na kama masa ita da hannuna, satin da na tare."

Ta farke ɗinkin a hankali. Wurin da ya buɗe bai fi faɗin yatsa biyu ba, rana ba ta taɓa ganinsa ba, sabulu ma bai ci shi ba. Shuɗi ne mai duhu, da ruwan goro, da wani ja wur a tsakiya.

"Ke tsohonsa kika sani," in ji Inna. "Ni wannan na aura. Ran Juma'a in ya karkata hular nan ya shafa turare, tun daga bakin lungu ake leƙensa. Wallahi babanku ɗan kwalisa ne."

Kunya ta kama ni, daɗi kuma ya fi kunyar yawa. Na kai shekara hamsin ban san babana ya taɓa yin ado ba.

Inna ta jawo abayarta. "Yalla, tashi. Ba zan bar ki ki sake sayo toka ba."

Ita da ta yi watanni ba ta fita ba, ta zauna a kujerar mai shago tana ba da umarni, ni ina kai da kawowa bakin ƙofa. Sau huɗu ta mayar da ruwan goron kafin ta yarda. Muka tsara a nan take: shuɗi ya zama ƙasa, ruwan goro ya hau kai, jan kuwa layi ɗaya tak a tsakiyar kowane zane, don kada ya cika ido.

Wata biyu na yi ina saƙa. Ana gobe zai tafi, na kai shi Ammariyya ya yi sallama da kakarsa, na sa shi ya gwada rigar a gabanta. Yana tsaye yana gumi, yana roƙon a bar shi ya cire. Inna ta daɗe tana kallonsa. Can ta buɗe akwati ta ɗauko hular, har yanzu a farke, ta ce ya sunkuyo.

Hular da ta yi wa Baba yawa ta zauna masa daidai. Inna ta sa yatsa ta karkata ta gefe kaɗan.

"Haka yake sawa," ta ce. "Tafi da ita."