Giyar da Ƙafar Hagu Ta Zaɓa

Mai shagon kayan gyara bai san dattijon ba, amma idonsa ya kasa barinsa. Dogo ne, gemunsa fari a gyare, hannayensa manya irin na wanda ya tsufa a kan sitiyari. Yana dogara sanda, ƙafar hagu tana biyo shi a hankali.

Dattijon ya ce ya ɗora wa tsohuwar motarsa mai ja da taya huɗu injin dizal, saura giya. Ga su nan biyu a ƙasa, ta hannu da otomatik.

"Baba, ta hannun ta fi jure ƙarfin dizal," in ji mai shago. "Sai dai kulocinta da tauri."

Dattijon yana tsaye yana danna ƙafar hagu a kan wani guntun taya, kamar mai taka kuloci. Ƙafar tana rawa. Ya sake dannawa, ta sake rawa. Mai shago ya kau da kai, yana rayawa a ransa cewa wannan mutum ya sha fitar da mota daga laka, kuma wataƙila a gida 'ya'yansa sun fara ɓoye masa makulli.

"Ba ni otomatik ɗin," in ji dattijon da ƙyar.

"To, akwatin da ke raba ƙarfi zuwa tayoyin gaba fa? Akwai na dannawa, akwai na ja da hannu."

Dattijon ya sunkuya ya kama ƙarfen akwatin na ja da hannu, ya ja, ya shiga ƙas.

"Wannan kam bar mini na ja, ɗana. Hannun da sauransa."