Ranar da Aka Cire wa Mahaifiyata Ƙyaure

Shekarun baya, lokacin ina koyarwa a wata firamare a Achida, muna haya ni da mahaifiyata a wani gida na bakin titi. Mai gidan dattijo ne mai kawaici. Da ya rasu, babban ɗansa ya gaji gidan, kawaicin kuwa aka binne shi da mai shi. Ya ce mu tashi nan take zai fasa ɗakunan ya yi shaguna, alhali hayarmu ba ta ƙarewa sai faɗuwar damina.

Muka yi abin da aka saba, muka kwashi dattijan unguwa da goro muka je roƙo. Ya ci goron. Washegari na dawo daga makaranta na tarar ya turo kafinta ya ɓalle ƙyauren ɗakin mahaifiyata, ga sanyi ya kankama.

Ni da nake rubuta wa yara haƙƙin ɗan ƙasa a allo, abin da ya fara zo mini shi ne in nemo zana in kare ƙofar, mu fara ɗaure kaya.

"Mi za ka yi da wagga zana?" in ji mahaifiyata.

"Sutura, Inna. Mutane na wucewa."

"Ni na cire ƙyaure? Bar shi buɗe. Wanda yac cire shi ad da abin kunya."

Ta shimfiɗa tabarma daidai ƙofar, ta lulluɓa da bargo, duk wanda ya gifta ta gaishe shi har da tambayar iyali. Kafin Juma'a babu wanda bai ga aikin ɗan marigayin ba.

Abokina, tela da ke haya a ɗakin kusa da namu, ya ce ya san wata lauya a Sakkwato da take tsaya wa 'yan haya ba ta karɓar ladan kanta. Amma shigar da ƙara da zirga-zirgar mota ba da addu'a ake biyansu ba, albashina kuwa ya riga ya yi sallama. Shi ya kawo dabara. Kawunsa na neman masu dashen albasa a fadamar Goronyo, sai mu kira gayya, ladan aikin duka a miƙa wa shari'a.

'Yan hayar gidan suka fito, maƙwabta suka fito, har wasu daga Lahodu da ban taɓa gani ba. Wani ya ce mini shi ma an taɓa yaye masa kwanon ɗaki da damina, bai sami mai tsaya masa ba. Ni dai kafin azahar bayana ya ƙi miƙewa.

"Malam, gindin aka binnewa, ba kan ba," in ji abokina.

Wani dattijo ya zo ya ja mahaifiyata gefe, wai kai ƙarar ɗan mutumin da ya yi mana alheri rashin kara ne. Ta ce, "Alhaji, uban nai ya san kara, kuma ina yi mai addu'a. Ɗan, alƙali shi koya mai."

Shari'ar ta ɗan ja. Ƙarshenta alƙali ya ce a mayar da ƙyaure, kuma babu mai tashinmu sai wa'adinmu ya cika. Ɗan marigayin ya zo da kansa, ya tsaya kafinta ya buga. Mahaifiyata ta rufe, ta buɗe, ta ce, "Sannu da aiki, ɗana. Ya karkace. A sake."

Aka sake.

Mun bar gidan da wa'adi ya cika, a ranar da ita ta zaɓa. Har yau in na ji an ce talaka ba ya shari'a da mai gida, sai in ce ba gaskiya talaka ya rasa ba, kuɗin mota zuwa gaban alƙali ya rasa. Shi ya sa duk rani muke ware yini guda a fadama don ɗan hayar da aka taso a gaba, ko mun san shi ko ba mu san shi ba. Masu gidaje na kiranmu 'yan neman fitina. Muna amsawa.