Baburin Da Na Ɗauko Wa Mahaifina Daga Legas

Edita, ina yi maka sallama, kai da masu karatunka. Na daɗe ina son in ba da labarin nan, sai yanzu zuciyata ta yarda.

A shekarun da abin ya faru ni ɗan rakiyar shanu ne. Ga wanda bai san sana'ar ba, mu ne ake hangowa a saman tirela idan an lodo dabbobi daga kasuwar shanu ta Mubi za a yi kudu da su. Muna zaune kan katako a rana da ruwa, in saniya ta faɗi mu dira tsakanin ƙafafunsu mu tayar da ita kafin 'yan'uwanta su tattake ta. Lokacin ina da ƙarfi, ban yi aure ba, kuma ina ji da kaina wajen ɗaurin igiya. In na ɗaure bijimi ba ya motsi sai na kwance shi. Abokan aiki suna yabona a kan haka, ni kuma yabon ya shiga kaina fiye da yadda ya kamata.

Mahaifina manomi ne a wani ƙauye da ke bayan Gella, can gindin duwatsu. Mutum ne da bai iya zama ba, daga gona sai kasuwa, daga kasuwa sai gaisuwar 'yan'uwa. Sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da shi. Hannun dama da ƙafar dama suka daina aiki, harshensa ya yi nauyi. Keke Napep ba ya iya hawa hanyar ƙauyenmu, babur kuma sai an sa shi a tsakiya mutum ya rungume shi ta baya, kuma ko a haka sau ɗaya ya zame ya faɗi, daga ranar ya ce ya haƙura. Duk Juma'a yana zaune a tabarma yana kallon mutane suna wucewa masallaci. Bai taɓa yin ƙorafi ba, amma ni in na zo gida ba na iya haɗa ido da shi a wannan lokacin.

A wata tafiya da muka yi Legas, bayan mun sauke shanu, na bi wani abokina kasuwar tsofaffin injuna. A nan na ga wani babur da ban taɓa ganin irinsa ba. Babba ne, kuma a gefensa an manna wani abu kamar ƙaramin kwalekwale, da tayarsa guda, da kujera mai laushi, har da rumfa ta tamfol. Mu dai kwando muka riƙa ce masa. Ina ganinsa na ga mahaifina a ciki, da farar hularsa, ina tuƙa shi zuwa masallaci. Ban yi shawara da kowa ba na saye shi.

Tirelar da ta kawo mu za ta koma da lodin gishiri, kuma direban dattijo ne da muka saba tafiya tare. Da ya zagaya baburin ya dudduba, sai ya ce zai ɗauka, amma in kwance kwandon daban, in tsiyaye man tanki, a kwantar da kowanne a gaba kusa da kan mota. Ya ce abu mai ƙafa uku nauyinsa ba a tsakiya yake ba, kullum gefe guda yake ja. Na ce masa in aka kwance ban san wanda zai mayar min da shi daidai a Mubi ba. Wannan gaskiya ne, amma ba ita ce gaskiyar duka ba. So nake ana sauke shi in tayar, in shiga ƙauye a kansa mutane suna kallo. Na ce ya bar min maganar ɗauri, ai ya san ni. Ya ce to, kayana ne. Aka ɗora shi a can baya, a kan buhuna, tayoyinsa sun kusa daidai da bakin bodin motar. Na ɗaure shi da igiyoyin shanu ta kowace kusurwa, na girgiza, bai motsa ba.

Kwanakin farko lafiya muka yi su. A shingayen hanya jami'ai kan hau su leƙa su tambayi wane irin abu ne wannan, in ba su labarin mahaifina, wasu har addu'a suke yi masa. A saman lodin akwai fasinjoji kamar yadda aka saba, yawancinsu 'yan rakiya irina masu komawa gida. Cikinsu akwai wani Bafillace da ya girme ni sosai, muna ce masa Bappa, mutum mai ƙarancin magana. A Gombe wata mata ta hau da jaririya a goye. Ta ce Mubi za ta, mijinta yana kasuwanci a Belel, zai tare ta a tasha. Ba mu yi nisa ba hadari ya haɗo, ruwa ya sauko da iska. Kowa ya shige ƙarƙashin leda, ita kuwa tana ta ƙoƙarin rufe yarinyar da mayafi, yarinyar tana kuka. Na ce mata ta shiga kwandon, akwai rumfa. Ta yi ta godiya. Bappa ya kalle ni, ya kalli igiyoyin, ya ce a hankali wurin kaya ba wurin mutum ba ne. Na yi dariya na ce ko giwa ce ta zauna a ciki ba abin da zai faru.

A Yola aka sauke wani ɓangare na gishirin, kuma daga baya aka ɗiba, dab da inda baburin yake. Ina can ina cin abinci. Da na dawo na ga an taɓa wurin, na sa ƙafa na tura tayar gaba, na ga kamar lafiya. Ban bi igiyoyin ɗaya bayan ɗaya ba. Igiyar da ta sha ruwa ta bushe, buhunan da ke tokare da baburin kuma an janye su, ko yaro ya san sai an sake ɗauri. Na sani, gajiya da ganin an kusa gida suka sa na ce ai saura kaɗan. Matar ta koma cikin kwandon da 'yarta, don ta saba da wurin, har barci take yi a ciki.

Bayan mun wuce Hong, wajen la'asar, muka tarar ruwa ya cinye bakin wata gada, motoci suna sauka ta cikin mayo, wato rafin, su haura ta ɗaya gefen. Ruwan ya janye, sai yashi da duwatsu. Direba ya leƙo ya ce masu iya sauka su sauka su taka da ƙafa. Wasu suka sauka. Na leƙa kwandon na ga matar tana barci, yarinyar a ƙirjinta, sai na ji nauyin tashinta. Ni da Bappa da wasu mutane kaɗan muka zauna a sama.

Saukar ba ta ba mu wahala ba. Hawan ne. Gaɓar tana da tsayi kuma ta karkace, tirelar ta ɗaga kai sama tana nishi, sai tayoyin baya na hagu suka faɗa wani rami, bodin gaba ɗaya ya kwanta gefe. Na ji wata ƙara kamar an harba bindiga, igiyar gaba ce ta tsinke. Kafin in miƙe, baburin ya juya a kan buhunan, kwandon ya ja shi, tayar kwandon ta haura bakin bodi ta fita waje. Da idona na ga kwandon yana lilo a sarari, ƙarƙashinsa duwatsun mayo, matar a ciki ta farka tana salati. Abin da ya hana shi tafiya igiya ɗaya ce da ta rage a jikin ƙarfen baya, ita ma tana zamewa daga ƙullinta. Na faɗa kanta na naɗe ta a hannuna na hagu, na tokare ƙafafuna da bodi. Nauyin ya fizge ni har sai da na ji kafaɗata ta yi ƙara.

Bappa ya riƙe ni ta ƙugu yana ƙwala wa direba kira kada ya motsa. Direban ba ya ganin abin da ke faruwa, yana ta ba mota wuta don ya fita daga ramin, kuma duk girgizar da ta yi sai igiyar ta ƙara cin namana. Waɗanda ke ƙasa ne suka ruga suka buga masa ƙofa. Ya taka birki ya riƙe, ya ce su sa duwatsu a bayan tayoyi, don in ya ɗaga ƙafarsa motar baya za ta yi. A lokacin ne na ji warin fetur. Tankin da na ƙi tsiyayewa ya karkace, mai yana zuba a kan rumfar, yana ɗiga a jikin matar da jaririyar, yana gangarowa ta gefen mota. Wani daga ƙasa yana ihu a kashe injin, direba yana cewa in ya kashe iskar birki za ta iya sauka. Ban san wanda ya fi gaskiya a cikinsu ba, ni dai na san yatsuna sun daina jin komai.

Bappa ya sa wani ya karɓi riƙona, shi kuma ya kwanta a kan buhu ya miƙa hannuwansa waje, ya ce wa matar ta miƙo yarinyar. Ta ƙi. Ta ƙanƙame ta tana girgiza kai, idonta a rufe. Ya yi mata magana da Hausa, ya koma Fillanci, muryarsa ƙasa-ƙasa kamar mai lallashin saniya mai haihuwa. Ya ce mata shi ma yana da jika kamar wannan, ba zai sake ta ba. Duk motsin da ta yi kwandon sai ya ƙara sunkuyawa. Daga ƙarshe ta buɗe ido ta miƙa ta, ya cafke ta da zanin goyon ya miƙa baya. Sannan ya kama matar ta wuyan hannu ya fara ja. Rabin jikinta ya fito, sai ƙafarta ta maƙale tsakanin kujera da ƙarfen da ya haɗa kwandon da babur. Na ji igiyar tana tafiya da fatar hannuna. Na ce wa Bappa ba zan iya ba kuma. Ya ce in iya. Ya ja da ƙarfi, ta yi wata ƙara da har yau nake ji a kunnena, ta faɗo kan buhuna. Ban san lokacin da na saki ba. Baburin ya tafi da igiyar, ya daki duwatsu, ya kife.

Allah Ya tsare, wuta ba ta tashi ba. Wata ƙaramar mota ta kwashe mu zuwa asibiti a Mubi. Matar ta karye a idon sawu, karaya mummuna. Ni kuma yatsuna biyu na hagu ba su tsira ba, sai da aka cire su. Jaririyar ko ƙwarzane ba ta yi ba, sai wanka da aka yi ta yi mata saboda fetur.

Washegari mijin ya iso asibitin. Ina kwance na ga wani dogon mutum yana tambayar gadon mai babur. Ya zo ya durƙusa ya kama hannuna mai lafiya yana kuka. Ya ce matarsa ta gaya masa yadda na ba ta mafaka daga ruwa, da yadda na ba da yatsuna don 'yarsa ta rayu. Ya ce daga yau ni ɗan'uwansa ne. Ashe abin da ta gaya masa ke nan, ba ta ƙara komai ba, alhali tana wurin ta ji lokacin da Bappa ya gargaɗe ni na yi dariya. Na so in yi shiru in karɓi godiyar. Na kasa. Na gaya masa maganar direba, da man da na bari, da igiyar da ban duba ba a Yola, da barcin da na ƙi tashinta daga shi. Ya saki hannuna a hankali. Ya ce Allah Ya ba mu lafiya, ya fita. Bai zage ni ba, bai kuma sake leƙowa ba.

Da aka sallame ni na tafi ƙauye, na zauna gaban mahaifina na ba shi labari tun daga farko. Ya saurara har ƙarshe. Bai tambayi baburin ba ko sau ɗaya. Da harshensa mai nauyi ya tambaye ni ko matar za ta taka. Na ce likita ya ce za ta taka, amma da ɗingishi. Ya juya fuskarsa bango, ya ce da na tambaye shi, da ya ce min zaman tabarmar bai dame shi haka ba.

Na bar rakiyar shanu, don hannun ba ya riƙe igiya. Yanzu ina da ɗan shago a unguwar Lokuwa a Mubi, na yi aure, ina da yara. Abin da na koya shi ne kyakkyawar niyya ba ta hana ganganci yin ɓarna. Don mahaifina na sayi baburin, don tausayi na ba matar wuri, amma son a yabe ni da ƙin jin magana su suka kai ta bakin mutuwa. Ina roƙon duk mai ɗora babur ko wani inji a babbar mota ya kwance abin da ke kwantuwa, ya tsiyaye mai, ya sake duba ɗauri duk inda aka tsaya ko aka taɓa lodi, kuma kada ya zaunar da ɗan Adam a cikin kayan da igiya ce kawai ke riƙe da su. In wanda ya girme ka a hanya ya yi maka magana, ka tsaya ka ji.

Nakan hango matar wani lokaci a babbar kasuwa, tana jan ƙafa, wata yarinya mai kayan makaranta tana riƙe mata jaka. Kullum ita take fara gaishe ni, har ta ce wa yarinyar ta gaida kawunta. Ina amsawa, amma har yau ban iya ɗaga kai na dube ta ba.